Sunan Ɗan Fari

Tun da Hajiya Rekiya ta sauka Paris take neman mutum na uku. In ɗanta na fari ya shigo falo a gidansa na La Courneuve, sai ta kira matarsa Ameena da wata tambayar da ba ta da kai, ko ta jawo jika ta ɗora a cinya, ko kuma ta tuna ba ta gama lazimi ba. Ba faɗa suka yi ba. Ɗan fari ne, ita kuwa 'yar Damagaram ce ta asali, cikin matan da kunya ta yi wa dabaibayi tun suna amare. Ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, ba ta taɓa cin abinci yana zaune ba, sunansa kuwa bai taɓa hawa harshenta ba. Mu da ba mu haife shi ba sai mu faɗa: Moutari sunansa. A bakinta shi “yayanku” ne, ko “wancan”, in ta matsu ƙwarai ta ce “kai”.

Ranar da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Kaka, uwar mijinta. Can ya girma, can ya yi karatun boko a lekol, daga nan sai Yamai, daga Yamai sai Faransa. Yanzu ga shi da furfura a gemu, yana aiki a babbar kasuwar Rungis, shi ke tsara wa motocin sanyi inda za su kai kifi da nama, ƙatti suna jin maganarsa. A gaban Hajiya kuwa sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa wa bango.

Haihuwa ce ta kawo ta ƙasar. Autarta Rahama ta sauka a Vénissieux, gefen Lyon, aka cika mota daga Paris aka je suna. Tafiyar zuwa ta yi mata daɗi, don Ameena na gaba, jikoki na baya suna ta hayaniya, ba inda shiru zai sami wurin zama. Bayan suna Ameena ta kwashi yara suka koma a jirgin ƙasa saboda makaranta. A nan ne Moutari ya ce da Rahama, Hajiya na ji, bai kamata tsohuwa ta koma gida Zinder ba ta ga duwatsun ƙasar nan ba. Akwai wani gandun daji da ake kira Vanoise, yanzu ne lokacinsa, zafi ya wuce, sanyi bai kama sosai ba. Mijin Rahama, Soumaïla, zai raka su.

Da safe Hajiya ta sauko daga dogon benen unguwar Minguettes da carbinta da butarta, ta tarar da mota a buɗe, Soumaïla kuwa babu shi. An ce an kira shi wurin aiki. Ta tsaya ta dubi bene, ta dubi mota. Komawa sama zai zama magana, shiga kuma ya fi ƙarfinta. Ƙarshe ta shiga baya ta matsa can jikin ƙofa, inda madubin direba ba zai kamo fuskarta ba.

Suka bar Lyon, suka bi babbar hanya, suka shiga ramukan da aka huda cikin dutse suka fito. Shi yana tuƙi, ita tana jan carbi. In zai yi magana sai ya yi da gilashin gaba, in za ta amsa sai ta amsa wa taga. Da rana ta ɗaga suka bar kwari suka fara hawa, hanyar ta tsuke ta koma kamar zariyar wando, tana naɗewa tana warwarewa a jikin dutse. Itatuwa masu ganye kamar allura sun fara yin rawaya, ciyawa ta yi ja-ja, can sama kuma farar ƙanƙara ta sauka a kan tsaunuka. Wuri ne mai kyau, wannan ba gardama. Sai dai ta gefen da Hajiya ta zaɓa ne ramin yake, in ta leƙa sai ta hango rufin gidaje ƙanana kamar marfin kwano. Kunnuwanta suka toshe. A wata kwana garken tumaki ya tare su, ana gangarowa da su daga kiwon damina, da wasu fararen karnuka kowanne ya kai ɗan maraƙi. Ɗaya ya zo ya sa hanci a gilashinta.

Ta ce da taga, “Bakin rijiya dai ba wurin wasan makaho ba ne.”

Moutari ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. Da tumaki suka wuce ya sa giya, ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, “Hajiya, tambaya gare ni.”

“Mai tuƙi a irin wagga hanya, da ya bar tambaya sai an sauka.”

“In an sauka akwai mutane. Shi ya sa na kawo ki inda babu.”

Nan gabanta ya faɗi, faɗuwar da ramin bai sa ta yi ba. Ashe aikin Soumaïla shiri ne. Ta ji haushi ya taso mata, irin haushin wanda aka yi wa tarko da hatsinsa.

Ya ce, “Shekarar da na yi ƙyanda a ɗakin Kaka, har aka ce ba ni tashi, ina tuna kowa. Baba ya zo, gwaggonina sun zo, har mai goron bakin titi ya leƙo. Ke ce ban tuna ba. Kin zo?”

“Mutum da hurhura a gemu yana tonon ƙyanda.”

“Na san al'ada, Hajiya, je sais, ba yau aka haihe ni ba. Mardiya ce ta tambaye ni kwanan baya, wai Papa, mi ya sa Hajiya ba ta san sunanka ba. Na yi dariya na yi mata bayani tsaf. Da na gama sai na ga ita bayanin ya ishe ta, ni ne bai isa ba.”

Mardiya ita ce 'yarsa ta fari, wadda Ameena ke kira da suna gatsal, har ta sumbace ta a gaban baƙi, abin da Hajiya ke kawar da kai in ta gani.

Amsar tana nan a bakinta, da ɗuminta. Ta zo. Kullum sai ta zo, ta tsaya a bayan darnin ɗakin Kaka da cikin ƙaninsa, tana jin numfashinsa ta tsakanin kara, ta dama kunu ta ba maƙwabciya ta shigar kamar daga gidanta ya fito. Ranar da zazzaɓin ya sauka, a bayan rumbu ta yi kukanta ta wanke fuska. Ba wanda ya sani, kuma haka ya kamata. Uwarta haka ta yi, kakarta haka ta yi, a wurinsu son ɗan fari abu ne da ake rufewa kamar garwashi a toka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yau kuma don an ɗauko ta an hau da ita saman duniya sai ta buɗe baki ta zubar?

Ta ce da taga, “La'asar na wucewa. Da da ruwa a buta da mutum ya yi alwala.”

Ya ci gaba da tuƙi. Kwalta ta ƙare a wani fili da ake ajiye motoci, ba kowa sai wata farar mota mai kama da ɗaki, a rufe. Daga nan sai sawun ƙafa. Ya kashe mota, ya miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba, ta tura masa butar da ƙafa.

Ya ce, “Ina jin ƙarar ƙorama nan ƙasa. Yanzu in dawo.”

Ya fita da 'yar riga, ya bar rigar sanyinsa a kujera, wayarsa a maƙale jikin gilashi. Ta bi bayansa da kallo, tunda baya ne ba laifi. Tafiyar ubansa gare shi, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Ya gangara ta bayan wani dutse ya ɓace.

Ta ja carbi ya zagayo, ta sake ja. Wata dabba kamar gafiya ta hau dutse ta yi fito mai tsini, ta shige rami. Sai Hajiya ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: gajimare ya taso daga ƙasa. A Zinder sama yake zama, a ɗaga kai a roƙi Allah ya zubar. Nan kuwa daga kwari ya hauro, fari fat, yana tafiya kamar mai neman wani. Ya cinye tsaunin da ke gaba, ya cinye sawun da Moutari ya bi, ya cinye farar motar, har ya zo ya kwanta a gilashinta. Ta daina ganin hancin motar da take ciki.

Ta ce a ranta fushi ne, ya zauna can ya huce. Ta ba shi lokacin hucewa. Ta ƙara masa. Sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa yana kama mata idon sawu. Da ta ga la'asar za ta kuɓuce, ta buɗe ƙofa ta dafa wani faffaɗan dutse ta yi taimama, kuma hannunta na kan dutsen ne abin ya soke ta. Ƙasar nan duk dutse ce. Da sallar ce ta dame ta, da tun ɗazu ta yi haka. Ba ruwa take so ba, so take ya fita daga motar da tambayarsa, ya kuwa fita. Ta yi sallar a gurguje, ba ta san abin da ta karanta ba.

Da ta sallame ta tsaya a bakin fili, hannu ɗaya na riƙe da madubin mota, ta ce, “Kai.”

Muryar ba ta yi nisan zira'i ba. Ta ƙara ƙarfi. “Kai, ya isa haka nan.”

Ƙorama kaɗai ke magana, can ƙasa, ba ta fasawa.

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta ɗauko wayarsa, ta ƙi buɗuwa, fuskarsa take nema. Tata kuwa ba ta aiki sai a cikin gida. Ta danna abin tsakiyar sitiyari kamar yadda ta ga direbobi na yi, motar ta yi kuka, dutse ya maido mata da kukan. Ta yi ta dannawa.

Kukan motar ne ya jawo masu farar motar. Suka ɓullo daga cikin farin kamar an zana su, tsoho da tsohuwa, Turawa, da jajayen riguna da sanduna bibbiyu. Hajiya ba ta jira gaisuwa ba. Ta nuna kujerar direba, ta ɗaga rigar sanyin ta girgiza, ta nuna inda sawun ya gangara, ta yi alamar zuba ruwa. Baturiyar mai wayo ce, nan da nan fuskarta ta canza. Ta yi magana da mijinta da sauri, ya duba wayarsa ya ɗaga ta sama ya girgiza kai. Ya nuna hanyar da aka hauro, ya yi alamar kira, ya shiga motarsu ya kunna fitilu ya gangara a hankali. Gajimare ya rufe bayansa.

Baturiyar ta dafa kafaɗar Hajiya ta ce, “Il s'appelle comment?”

Faransancin Hajiya bai wuce na gaisuwa da cinikin kasuwa ba, amma wannan tambayar ta san ta: sunansa ake tambaya. An yi mata ita a gidan likita, an yi mata ita a lekol, duk lokacin akwai wani a gefe da zai amsa. Ta waiga. Ba kowa a gefe.

Ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Ba taurin kai ba ne, kada a zalunce ta. Abin da mutum ya shekara arba'in da wani abu yana kaucewa, ko ya so takawa ƙafar ba ta zuwa. Ta ce, “Yaro ne.”

“Yaroné?”

Ta gyaɗa kai, Allah ya yafe mata.

Baturiyar ta juya ta haɗa tafuka a baki ta kwarara kira. “Yaroné! Yaroné!” Da wani wuri ne da abin dariya ne, a ce ana kiran magidanci mai 'ya'ya uku da wannan suna a kan dutsen Faransa. Hajiya ba ta yi dariya ba. Kowane kira sai ta ji kamar an mare ta.

Baturiyar ta yi mata alama ta koma mota ta zauna. Hajiya ta ɗaure rigar sanyinsa a ƙugu bisa zani, ta karɓi sanda ɗaya daga hannun matar ba tare da ta roƙa ba, ta sa ƙafa a sawun. Takalmin roba gare ta, na zuwa suna. Ciyawa ta jiƙe, duwatsu na santsi, gwiwoyinta da ko matakalar bene sai da lallashi suke hawa suna ta ƙara. Matar ta riƙe mata damtse suka gangara tare, taku ɗaya, tsayawa ɗaya. Ƙarar ruwa na ƙaruwa, haske na raguwa. Farin ya fara komawa toka-toka, kuma ko ba a faɗa mata ba ta san wanda ya kwana a nan da 'yar riga ba zai ga safiya ba.

Matar ce ta ja ta baya da ƙarfi. Gabansu kaɗan ƙasa ta ƙare. Ruwa ya ci gefen, ya bar baki mai laka, a lakar kuwa ga wani dogon sawu na zamewa, sabo. Butar na nan kwance a gefe, cike, ruwa na tsiyaya ta hancinta. Ashe har ya ɗebo.

Suka leƙa. Ba a ganin komai, fari ne kawai da rurin ruwa. Matar ta durƙusa ta yi kira, “Yaroné! Monsieur!” Ta kasa kunne. Ta sake yi har muryarta ta fashe. Sannan ta dubi Hajiya, irin kallon da ake yi wa wanda za a yi wa ta'aziyya.

Hajiya ta zube a kan gwiwoyinta a cikin lakar. Ta ce, “Kai.” Ta ce, “Yayan Rahama.” Ta ce, “Baban Mardiya, in kana ji ka yi magana.” Duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙofofin da ta saba zagayawa ta cikinsu, kowacce a rufe. Wanda ya bugu a kai, sanyi kuma ya fara lallashinsa ya yi barci, ba ya tashi don an ce kai. Duniya cike take da kai.

Ta tuna ranar suna, tana ɗaki a bayan labule, maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya faɗa wa duniya. Ranar ta ji shi ta haɗiye, tun ranar yana nan inda ta ajiye shi. Ta runtse ido kamar mai shirin shan magani mai ɗaci. Na farko a raɗa ya fito, ko ita ba ta ji ba. Ta dafa laka da hannu biyu, ta cika ƙirji.

“Mutari!”

Dutse ya karɓa ya maido. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji kamar zaninta ne ya faɗi a tsakiyar kasuwa. Ba ta tsaya ba.

“Mutari! Mahamadu Mutari!”

Ruwa ya yi ta rurinsa. Sai can ƙasa, ta hagu, ba ma inda suke kallo ba, wata murya ƙarama ta taso, irin ta wanda aka tasa daga barci mai nauyi.

“Na'am.”

Baturiyar ta riƙe baki. Ta rarrafa ta hagu ta yi masa magana da Faransanci, tambaya a kan tambaya. Bai amsa mata ba. Ta dawo ta kama hannun Hajiya ta girgiza, ta kwantar da kumatu a tafi ta yi alamar barci, ta kaɗa yatsa: a'a, a'a. “Encore, madame. Encore.”

Hajiya ta gane. Kira ɗaya ba zai biya ba.

“Mutari.”

“Na'am, Hajiya.”

“Kada ka yi kwana. Kana ji na? Mi ya same ka?”

“Ƙahwata… ba ta motsi. Butar… na ɗebo ruwan.”

“Bar zancen buta. Mutari.”

“Na'am.”

Ta kwance rigar sanyin daga ƙugunta, matar ta ɗaura mata dutse a hannu ɗaya ta jefa ta inda muryar take. Suka ji ya yi nishi, ya ce ta iso. Daga nan aikin ya zama ɗaya. In ta kira ya amsa, sai ta ja numfashi ta jira kaɗan ta sake. Wani lokaci amsar ta zo da wuri, wani lokaci ta yi nauyi har sai ta kira sau uku kafin ta ji na'am ɗin ya rarrafo. Ba ta ba shi labari ba, ba ta yi masa bayanin komai ba. Sunan kawai take faɗa, da tsawa, da lallashi, da faɗa in ya yi jinkiri, har ya saba da bakinta ya daina yi mata ɗaci. Sanyi ya kashe mata yatsu, laka ta jiƙa zanin har cinya. Magariba ta shiga ta wuce ba ta sani ba. Muryar ta dushe, ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa, ta ci gaba da kira da abin da ya rage.

Haka masu ceto suka same su, da fitilu a goshi da igiyoyi, tsohon Bature na gaba yana nuna hanya. Ba su sha wahalar nema ba, muryar suka bi. Da suka hauro da shi a ɗaure cikin abin ɗaukar marasa lafiya, an naɗe shi da wata takarda mai ƙyalli kamar kifin da za a gasa, jini ya bushe a gefen kansa, fitila ta haska fuskarsa, idonsa a buɗe yana neman ta. Hajiya ta ja gyale ta rufe fuska, ta juya baya.

A asibitin garin da ke gindin dutsen aka fara tsayawa, daga baya aka maido shi Lyon. Ƙafa ta karye a wuri biyu, kai kuwa an ɗinke, likita ya ce da an ƙara jimawa da sanyi ya gama aikinsa. Rahama ta zo da jaririya a goye, jego ko ba jego ba, tana kuka tana faɗa, ta rasa wanda za ta fara yi wa. Hajiya na kan kujera a can kusurwa, ta ba gado gefe, tana kallon taragon da ke wucewa a titi.

Rahama ta ce, “Inna, ke kuma ina muryarki ta tahi?”

Hajiya ta nuna maƙogwaro. Da ƙyar ta ce, “Sanyi.”

“Sanyi kam.” Ta juya wurin gado. “To Yaya, a cikin wannan abu da ko hannunka ba ka gani, ƙaƙa aka yi aka gano ka? Soumaïla ya ce ba a ganin ramin daga bisa.”

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya. Ɗakin ya yi mata ƙanƙanta. In ya faɗa, Rahama za ta faɗa wa Ameena, kafin jibi labari ya isa Zinder, a yi ta yi da ita a gidan biki har ta mutu. Ba ma wannan ba. In ya faɗa a gabanta, ba ta san inda za ta sa idonta ba.

Moutari ya dubi rufi. Ya ce, “Wata mata ce ta yi ta kirana. Na riga na tahi, Rahama, barci mai daɗi ya ɗauke ni. Ta ƙi bari.”

“Anasarar nan da aka ce?”

Hajiya ce ta amsa, da guntuwar muryarta, tana kallon titi. “Ita ce.”

Rahama ta ce, “Ikon Allah. Ina ta san sunanka?”

“Ta sani,” in ji shi. “Ta daɗe da sani.”

Rahama ta dubi yayanta, ta dubi uwarta, ta ga lakar da ba ta gama fita daga faratan tsohuwar ba. Ba sakarya ba ce. Ta sunkuyar da kai ta shiga gyara goyon da bai kwance ba.

Moutari ya juyar da fuska wajen bango. Ya ce, “Allah ya saka mata da alheri. Allah ya sa ta gama lahiya.”

Addu'a ba a barinta a ƙasa, dole wani ya ɗauka. Rahama ta yi shiru da gangan. Hajiya ta jira, ta jira, ba wanda ya taimake ta. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba sa gani, ta bar shi.

Ta ce, “Amin.”